Yadda Ake Koyon Rera Attaura Daga Naɗin Fata a Majami'ar Yahudawa

Wanda ya saba da Attaura ta bugun inji, ranar da aka fara warware masa naɗin fata sai ya ga kamar an kwashe masa rabin karatunsa. Baƙaƙen Ibrananci ne zalla, 304,805, wanda marubuci da ake kira sofer ya zana da alƙalami da tawada a kan jemammiyar fata. Babu wasali ko ɗaya, babu alamar rerawa, babu lambar aya, babu ma ɗigon da zai gaya maka aya ta ƙare. Duk wanda ya taɓa riƙe wasiƙar ajami da ba a yi wa wasali ba ya san wannan kame-kamen. Amma duk da haka, mai karatu a majami'a, wanda suke kira ba'al kore, dole ne ya fitar da kowane wasali da kowane waƙafi da karin murya daidai, idonsa kuma yana kan fatar, domin doka ba ta yarda a karanta wa jama'a da ka ba. Ke nan rabin karatun yana kan fata, rabi yana cikin kanka, kuma duk bitar da za ka yi haɗa waɗannan biyun ce.

Wasulan da alamomin rerawa suna nan a rubuce, sai dai a wani wurin. Malaman Masora, wato masu kiyaye nassin, na birnin Tabariya ne suka tsara su tsakanin ƙarni na 7 da na 10, kuma kundin Halab da Haruna ben Asher ya yi wa wasali wajajen shekara ta 930 shi ne mafi daraja a wannan fanni. Littattafan bugu sun ɗauki alamomin, naɗin majami'a kuwa aka bar shi yadda yake tun da.

Kafin ka buɗe baki

Fara da sanin ainihin abin da aka ba ka. An raba Attaura kashi 54, ana karanta kashi ɗaya, wani lokaci biyu, kowace Asabar, a sauke a shekara ranar bikin Simhat Tora. Wasu majami'u, musamman a Amurka, suna shimfiɗa saukar zuwa shekara uku, don haka iyakokin karatunsu daban ne. Safiyar Asabar mutum bakwai ake kira su hau dandamali, sai na ƙarshe mai suna maftir. Litinin da Alhamis da yammacin Asabar mutum uku ne. Kowane hawa sunansa aliya, kuma abin da mai karatu zai karanta wa wanda aka kira ba ya gaza aya uku. Je wurin gabbai, wato mai kula da tsarin ibada, ya faɗa maka ayar farawa da ayar tsayawa, ka rubuta. Littattafai sukan saɓa a kan inda aliya take ƙarewa, kuma babu abin takaici kamar mutum ya ƙware a aya goma sha biyu ya tarar goma sha biyar ake jira.

Idan sabon shiga ne kai, nemi gajeriyar aliya. Karatun Litinin ko Alhamis ya fi dacewa da mafari: gajere ne, jama'a kaɗan ne, kuma shi ne farkon kashin Asabar mai zuwa, ka ga aikin bai tafi a banza ba. Kashin Naso mai aya 176, wanda ya fi kowane tsawo, ba wurin gwaji ba ne.

Tambaya ta biyu ga gabbai: da wane kari ake karatu a nan? Alamomin iri ɗaya ne ko'ina, amma sautinsu ya bambanta. Yahudawan Ashkenazawa na gabashin Turai da nasu, Yahudawan Maroko da nasu, na Halab suna karanta Attaura a salon karin Larabawa da ake kira maƙamin Siga, na Yaman kuma har yau kowa yakan karanta tasa aliyar da kansa, a bi kowace aya da fassarar Aramiyanci. Koyi na gidan da za ka yi karatu a ciki.

Sai kayan aiki, wanda kusan guda ɗaya ne: littafin da ake kira tikkun. Kowane shafi nasa gida biyu ne. Ɗaya yana ɗauke da nassi da wasula da alamomi, ɗayan kuma hoton rubutun fata ne tsirara. Yawancin naɗin zamanin nan suna bin tsari ɗaya, ginshiƙi 245, kowane layi 42, kuma tikkun na bin wannan tsarin, don haka kalmar da ka gani a ƙarshen layi a gida wataƙila a nan za ka same ta a majami'a. Akwai na intanet da na waya, suna da amfani, amma ka mallaki na takarda. Mai kiyaye Asabar ba ya taɓa waya daga faɗuwar ranar Juma'a, kuma daren nan ne za ka fi bukatar bita ta ƙarshe.

Kalmomi tukuna, ban da waƙa

A nan mutane da yawa suke yin gaggawa, a nan kuma ya kamata a daɗe. Karanta gidan mai wasali da ƙarfi, a hankali, ba tare da rerawa ba, har sai harshenka ya daina tuntuɓe. Karanta fassarar ma, ka san wa yake magana, da wa, a kan me. Wanda ya fahimci jimla ba ya bukatar haddace cewa fi'ilin nan na mace ne ko na jam'i, ma'ana za ta riƙe masa.

Dalilin dagewa a kan wannan shi ne hukuncin gyara. Kundin shari'a na Shulhan Aruk, wanda Yosef Karo ya wallafa aka buga a 1565, tare da bayanan da aka yi masa, ya sa a mayar da mai karatu baya idan kuskurensa ya canza ma'ana. Kuskuren kari kaɗai yawanci ana barinsa ya wuce. To wasali yana canza ma'ana fiye da yadda kake zato. A Fitowa 23:19, baƙaƙen da ake karantawa "bahalev", cikin madara, su ne dai za a iya karantawa "behelev", cikin kitse. Wurin da nauyin murya ya faɗa ma haka. A Farawa 29:6 an ce Rahila tana zuwa, "ba'a" da nauyi a gaɓar ƙarshe, aya uku bayan nan kuma an ce ta zo, da nauyi a gaɓar farko, rubutu ɗaya. "Ve'ahavta" na Maimaitawar Shari'a 6:5 da nauyi a ƙarshe umarni ne, ka ƙaunaci Ubangiji, idan ka jawo nauyin baya ya koma labarin abin da ya wuce. Sa'ar da aka yi, yawancin alamomin rerawa suna zaune ne a kan gaɓar da ke ɗauke da nauyin, don haka tun yanzu ka riƙa kallon inda suke, ko ba ka san sautinsu ba.

Ɗauki fensir ka zagaye tarkuna a tikkun ɗinka. Akwai alamar sheva, mai motsi da mai ɗauri. Akwai ɗigon dagesh da ke aiki irin na shadda. Akwai wasalin kamats da wani lokaci ake furtawa "o", kamar a "kol". Akwai ɗigon da ke cikin harafin he a ƙarshen kalma, wanda ke sa a fitar da shi da numfashi, kuma sau da yawa shi ne ke nufin "nata". A fatar babu abin da ya raba shin da sin, ko bet da vet. Wanda ya yi karatun Larabci yana da riba a nan, domin het da ayin na Yahudawan gabas daidai suke da ha mai kauri da ain, sai dai idan majami'arka ta Ashkenazawa ce ka bi furucinsu.

Sannan akwai wuraren da abin da aka rubuta daban, abin da ake karantawa daban. Suna Mai Tsarki mai harafi huɗu ba a furta shi yadda yake, "Adonai" ake cewa a karatun jama'a, a bita kuma da yawa suna cewa "Hashem" don girmamawa. Kalmar "ita" a Attaura kusan ko'ina an rubuta ta da baƙaƙen "shi", sai ka san inda za ka ce "hi" da inda za ka ce "hu". Babi na 13 na Littafin Firistoci, mai maganar cututtukan fata, ya shahara da wahalar da masu karatu saboda wannan kaɗai. A Maimaitawar Shari'a 28:27 da 28:30 kuwa kalma ce sukutum ake musanyawa da wata.

Tsaga ayar kafin ka rera ta

Alamomin rerawa, ta'amim, ko trop a bakin Ashkenazawa, aikinsu na farko ba daɗin murya ba ne. Waƙafi ne. Sun kasu biyu: masu rabawa, da ake kira sarakuna, da masu haɗawa, da ake kira barori. Babban sarki shi ne sof pasuk a ƙarshen aya. Mai bi masa etnahta, wanda ke tsaga ayar gida biyu. Kowane rabi kuma zakef ko segol ko tipha su sake tsaga shi, a ci gaba a haka har a kai ƙananan yankuna.

Dubi ayar farko ta Farawa. "Bereshit" tana da tipha, "bara" munah, "Elohim" etnahta, an kai tsakiya. Sai "et" merha, "hashamayim" tipha, "ve'et" merha, "ha'arets" sof pasuk. Da ka san waɗannan jeri biyu, ka riga ka san ƙashin bayan dubban ayoyi. "Vayedaber Hashem el-Moshe lemor", wadda ke maimaituwa ba adadi, merha tipha merha sof pasuk ce kawai.

Don haka a kowace aya fara da neman etnahta, ka ja layi mai kauri da fensir. Nemi zakef, ka ja siriri. Karanta ayar da magana kawai kana tsayawa a layukan nan. Za ka lura waƙafi yana taɓa furuci: "leka" yakan koma "lak" a wurin tsayawa, "erets" ya koma "arets", "vayomer" ya koma "vayomar". Haɗawa ma tana taɓa shi, shi ya sa ake cewa "vayhi-hen" da kaf mai laushi maimakon "ken". Idan ka san dalili, ba sai ka haddace kowanne shi kaɗai ba.

Yanzu sai kari

Ga inda nake da ra'ayi mai ƙarfi. Hanyar da ta fi yaɗuwa wajen shirya yara 'yan shekara 13 domin bikin balaga na bar mitsva ita ce a ba su rikodin na malami su yi ta saurara har su haddace. Tana kai yaro ranar biki, amma ba ta mayar da shi mai karatu. Bayan wata guda ka buɗe masa wani shafi, sai ka tarar ba abin da ya rage. Wanda ya koyi alamomin kansu kuwa ya ɗan fi shan wuya a farko, daga baya kowace aliya sabuwa tana zo masa da sauƙi fiye da ta baya.

Koyi alamomin iyali-iyali, kana rera sunayensu da karinsu. Fara da merha tipha munah etnahta, da merha tipha merha sof pasuk. Sai mahpak pashta munah zakef katon, wanda za ka haɗu da shi kusan kowace aya. Sai darga tevir, munah revi'i, kadma ve'azla, zarka segol, daga baya pazer da telisha biyu. Rera sunayen, sannan ka cire sunayen ka zuba kalmomin ayar a gurbinsu. Ka sani ba kullum iyalin ke zuwa cikakke ba, barori sukan faɗi idan yankin gajere ne, sarki dai shi ne ba ya ɓacewa. Rikodin yana da amfani a nan, amma don ka gwada kanka da shi bayan ka yi ƙoƙarin fitar da ayar da kanka.

Alamomi biyu-biyu suna ruɗar ido. Kadma da pashta siffarsu ɗaya, sai dai pashta kullum tana kan harafin ƙarshe na kalma. Mahpak da yetiv ma haka, yetiv tana zama kafin wasalin farko, can bakin kalmar. Waɗansu kuwa ba sai ka wahalar da kanka da su yanzu ba. Shalshelet sau huɗu kacal ta zo a Attaura, ɗaya daga ciki a Farawa 39:8 inda Yusufu ya ƙi matar maigidansa, muryar tana hawa tana sauka kamar mai kokawa da zuciyarsa. Karne para sau ɗaya, a Ƙidaya 35:5. Ranar da suka faɗo cikin rabonka ka je wurin malami.

Kada ka manta ayar ƙarshe ta kowace aliya tana da nata saukar murya ta musamman a al'adu da yawa, wadda ke sanar da jama'a an kai ƙarshe. Zaɓi kuma matakin muryar da za ka iya hawa daga gare shi. Wanda ya fara da sama, in ya iso pazer sai maƙogwaro ya ƙi.

Tsallakawa gidan da babu wasali

Kada ka jira sai ka ƙware a dukan aliyar kafin ka tsallaka. Aya ɗaya: rera ta sau uku ko huɗu a gidan mai alamomi, rufe shi da takarda, rera ta a gidan tsirara. Ka yi tuntuɓe, leƙa, gyara, sake daga farkon yankin. In ta zauna, ɗauki ta biyu, sannan ka haɗa su. Mahaɗar ayoyi tana bukatar bita ta kanta, tunda fatar ba za ta gaya maka inda aya ta ƙare ba. Riƙe kalmar ƙarshe ta kowace aya tare da ta farkon mai bi mata.

Kwana-kwana ka riƙa farawa daga tsakiya ko daga ayar ƙarshe ka dawo baya. In ba haka ba farkon aliya zai yi sumul, ƙarshenta ya yi rauni, kuma a ƙarshen ne gajiya ke kama mutum. Minti ashirin kullum ya fi awa uku daren Juma'a, domin abin da aka kwana da shi ya fi zama.

Yi amfani da abin da fatar ta ba ka. Akwai giɓin da ke raba sassa, buɗaɗɗe wanda ya kai ƙarshen layi, da rufaffe a tsakiyar layi, kuma kusan kullum ƙarshen aya ne. Akwai manyan haruffa da ƙanana, kamar ayin da dalet na ayar kaɗaita Ubangiji da ake kira Shema ko ƙaramin alef na farkon Littafin Firistoci. Waƙar Teku a Fitowa 15 an jera ta kamar ginin tubali, waƙar Ha'azinu a Maimaitawar Shari'a 32 kuma ginshiƙi biyu. Duk waɗannan alamun hanya ne. Amma bi kalma-kalma da yatsa ko da fensir, idonka a kan abin da bakinka ke faɗa. Hatsarin wanda ya yi bita sosai shi ne baki ya riga ido, ya koma karatu da ka bai sani ba. Wurare masu maimaici sun fi kowane jawo wannan, irin hadayun shugabannin kabilu goma sha biyu a Ƙidaya 7.

Samu wanda zai riƙe littafi mai wasali ya saurare ka, ya tsayar da kai a kowane kuskure ba sani ba sabo. In babu, ɗauki muryarka a waya ka saurara kana bin nassi. Kunne yana kama abin da baki ya ɓoye.

Ganin fatar kanta

Kwana biyu ko uku kafin ranar, roƙi gabbai ya buɗe maka ainihin naɗin da za a karanta. Hannun marubuta ya bambanta, na Ashkenazawa daban da na Safardawa, wato Yahudawan da asalinsu Andalus ne, tsohon naɗi kuma wataƙila bai bi tsarin layi 42 ba, sai ka ga kalmominka sun ƙaura daga inda ka saba ganinsu. Marubuci yakan ja harafi ya yi tsawo don cike layi, dalet ta yi kama da resh, bet ta yi kama da kaf, ga 'yan rawunan da ke kan wasu haruffa. Nemi farkon aliyarka ka lura ko tana sama ko ƙasan ginshiƙi, ka ga kuma inda za a juya zuwa na gaba. A majami'un gabas naɗin yana tsaye ne cikin akwati, a na Ashkenazawa yana kwance a kan tebur, tsayuwarka da nisan idonka za su bambanta.

Ba a taɓa fatar da hannu tsirara. Da yad ake nuni, ɗan sanda mai siffar hannu, shi ma a bi da shi sama-sama kada ya kankare tawada. Harafi ɗaya ya lalace, naɗin ya tashi daga amfani sai sofer ya gyara. In ka ga harafin da ya tsage ko ya manne da maƙwabcinsa, gaya wa gabbai tun ranar.

Midrash, tsohon tafsirin malaman Yahudawa, ya kawo cewa an taɓa kiran Rabbi Akiva ya yi karatu ya ƙi tashi, don bai bi kashin sau biyu ko uku shi kaɗai ba tukuna, kuma Shulhan Aruk ya mayar da wannan ƙa'ida. In lokaci ya ƙure ba ka shirya ba, faɗa da wuri a nemi wani.

A kan dandamali

Sai an cika mutum goma ake fito da naɗin. A majami'un Otodoks, masu riƙe da tsohuwar al'ada, maza ne ke karatu, a na Rifom da Konsabatib mata ma suna yi. Za a kira mai aliya, na farko daga zuriyar firistoci, na biyu Balawe, wato daga zuriyar Lawi. Nuna masa kalmar farko da yad, ya karanta addu'ar albarka, jama'a su amsa amin, sannan ka fara. Shi zai riƙa bin ka a hankali, don haka kada ka yi gudun da zai bar shi a baya. Ja numfashi a etnahta da sof pasuk, ba tsakanin bara da sarkinsa ba. Ɗaga murya domin na sahun baya, sai a sassan la'ana na Firistoci 26 da Maimaitawar Shari'a 28, inda al'ada ta sa a sassauta murya a ɗan yi sauri, amma a ji.

Gabbai biyu na tsaye dama da hagu da littattafansu. In aka gyara maka, maimaita kalmar daidai, ko ka koma farkon yankin, ka wuce. Ba a tsayawa ba da haƙuri. In kari ya ɓace maka, riƙe kalmomi da waƙafi, ka sauka a etnahta ko sof pasuk mafi kusa, karin zai dawo a aya ta gaba. Wasu gabbai suna nuna alamomin da hannu, al'adar da Talmud, babban kundin malaman Yahudawa, ma ya ambata, amma ku daidaita tun kafin ranar a kan abin da kowane motsi ke nufi, in ba haka ba hannun zai ƙara ruɗa ka ne.

In rabonka ya faɗo a ƙarshen ɗaya daga littattafai biyar na Attaura, tsaya bayan ayar ƙarshe, jama'ar Ashkenazawa za su ce "hazak hazak venithazek", kai ma ka maimaita. Dokoki Goma suna da jerin alamomi biyu, tambayi wanda ake bi a karatun jama'a. Karin manyan ranakun Rosh Hashana da Yom Kippur daban ne, na Annabawa daban, na Esta da na Makoki ma kowanne da nasa, alamomin dai su ne waɗanda ka riga ka sani. Wuraren da aka gyara maka kuwa ka riƙe su a ka, tunda ba a rubutu ranar Asabar, in dare ya yi taurari sun fito ka buɗe tikkun ka yi musu alama, domin kashin nan zai sake zagayowa baɗi.